Aleksandar Vertinski: mawaƙin da ya yi shekara 23 yana rera wa ƴan gudun hijirar Rasha begen gida

A filin tarihin mashahuran mutane na wannan mako mun yi nisan kiwo, don kuwa sawun ƴan Rasha za mu bi, waɗanda juyin juya hali ya kora daga ƙasarsu shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce, da kuma mawaƙin da ya riƙa bin su gari gari yana ɗebe musu kewa.

Bari in fara da wani kiɗa. Dattawanmu da suka saba kama tashoshin Faransa a da, da wuya a ce ba su taɓa jin waƙar zabiya Dalida mai suna Le temps des fleurs ba, wadda ta fito a 1968. A wannan shekarar ce kuma wata yarinya ƴar Birtaniya, Mary Hopkin, ta rera ta da Ingilishi, ta zagaye duniya. To asalin kiɗan nan na Rasha ne. Wani mai suna Boris Fomin ne ya tsara shi a Mosko, amma wanda ya yaɗa shi a ƙasashen waje, ya sa shi a faifai, ya yi ta rera shi dare bayan dare a gidajen shaƙatawa na ƴan gudun hijira, shi ne mutumin namu na yau, Aleksandar Vertinski.

An haife shi ran 21 ga Maris 1889 a birnin Kiyef, wanda yau shi ne babban birnin Yukren, a lokacin kuwa yana ƙarƙashin daular sarkin Rasha. Ubansa lauya ne. Sai dai babu aure tsakanin uban da uwar, saboda matarsa ta farko ta ƙi yarda a raba aurensu, dokar coci kuma ba ta ba shi damar ƙara wata ba. Yaron yana da shekara 3 uwar ta rasu, yana da 5 tarin fuka ya kashe uban. Dangin uwa suka raba marayun biyu, shi wata gwaggo ta ɗauka, yayarsa Nadiya wata ta tafi da ita. Abin da ya fi ba ni tausayi a nan shi ne, ce masa aka yi yayar tasa ta mutu. Haka ya girma da wannan ƙarya. Sai da ya zama saurayi ya ga suna irin nasu a wata mujallar wasan kwaikwayo, ya rubuta wasiƙa a kan sa'a, ashe ita ce, tana nan da ranta, ita ma ƴar wasa ce.

Makaranta ba ta karɓe shi ba, an kore shi. Ya yi dako a bakin kogi, ya yi tallan katunan hoto, yana rubuta ƴan gajerun labarai a jaridun Kiyef. Yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai ya nufi Mosko da burin zama ɗan wasan dandali. Ya je gwaji a gidan wasan da ya fi kowane daraja a ƙasar, na Stanislavski, aka ƙi ɗaukarsa. Dalili? Harshensa ba ya kaɗa harafin r, daga maƙogwaro yake fito da shi kamar yadda Faransawa ke yi. Kun ji fa. Wannan aibin da aka kore shi dominsa, shi ne daga baya ya zama alamarsa, har matasa suka riƙa kwaikwayon yadda yake magana.

Zaman Mosko na farko bai yi kyau ba. Shi da kansa ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya faɗa shaƙar hodar ibilis, wadda a lokacin ake samu a kantin magani, kuma ana danganta mutuwar yayarsa Nadiya da wannan hodar. Yaƙin duniya na farko ne ya janye shi daga wannan rami. A ƙarshen 1914 ya shiga aikin sa kai a wani jirgin ƙasa mai ɗauko sojojin da suka ji rauni daga bakin daga. Ya ce littafin aikin jirgin ya nuna ya ɗaure rauni har sau 35,000.

Da ya dawo Mosko a 1915 ne ya samo abin da ya fito da shi. Tsoron jama'a yake ji in ya hau dandali, sai ya ɓoye a bayan kwalliya: ya shafe fuska da farar hoda, ya sa doguwar riga mai faɗi, ya fito a siffar Piyero, wato wani ɗan wasa na tsohuwar al'adar Italiya da Faransa, masoyi marar sa'a wanda kullum cikin baƙin ciki yake. Muryarsa ba wata babba ba ce. Rabi magana yake yi rabi rerawa, mai fiyano guda na bin sa, dogayen yatsunsa na ƙarasa abin da baki bai faɗa ba. Kowace waƙa ɗan labari ce mai farko da ƙarshe, a minti uku. Cikin shekara biyu sunansa ya cika manyan biranen Rasha.

Sai ga 1917. Sarki ya sauka, ƴan Bolshebik na Lenin suka ƙwace mulki. A faɗan da aka yi a titunan Mosko an kashe samari ɗaliban makarantun soja da dama, Vertinski ya yi musu waƙar makoki, yana tambayar wa ya tura yaran nan ga mutuwa, kuma don me. Ana ba da labarin cewa ƴan sandan ciki na sabuwar gwamnati sun kira shi sun yi masa tambayoyi a kanta. Ya gangara kudu yana wasa a garuruwan da ke hannun rundunar Farare, masu adawa da Jajayen Lenin. Da aka ci Farare da yaƙi, a watan Nuwamba 1920 jiragen ruwa 126 suka kwashe mutum kusan 150,000 daga yankin Kirimiya zuwa Santambul. Yana cikinsu. Daga baya ya rubuta cewa shi ba ƙin sabuwar gwamnati ya fitar da shi ba, ƙuruciya ce da son ganin duniya. To, Allah ne masani. Ni dai na lura ya rubuta haka ne a lokacin da yake bukatar yardar hukumomin Mosko.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi mutanen da zai yi wa waƙa, don in ba a san su ba ba za a gane shi ba. Ana ƙiyasta waɗanda suka bar Rasha a waɗannan shekaru tsakanin miliyon 1 zuwa 2. A ƙarshen 1921 gwamnatin Lenin ta yi doka ta soke musu zama ƴan ƙasa, suka wayi gari ba su da ƙasa ba su da fasfo. Sai a 1922 aka ƙirƙiro musu wata takardar tafiya da ake kira fasfon Nansen, da sunan mutumin Norway ɗin da ya yi ɗawainiyarta. A Paris, hafsoshin da jiya suke ba da umarni ga dubban sojoji suka koma tuƙin taksi, wasu suka shiga leburanci a masana'antar motoci ta Renault a unguwar Biyankur. Matan manyan gida suka koma ɗinki. Da yawa sun ƙi sayen kayan ɗaki masu nauyi, wai ai ƴan Bolshebik ba za su kai baɗi ba, za a koma gida. Baɗi ta zo ta wuce, baɗin baɗaɗa ma haka.

Da suka ga zaman ya miƙe, sai suka shiga gina wata Rasha a wajen Rasha. Suka buɗe jaridu na kullum da harshensu, da makarantun yara, da ɗakunan karatu, da ƙungiyoyin mawaƙa. Ran Lahadi a haɗu a cocinsu na titin Daru a Paris, bayan addu'a a tsaya a ƙofa ana cigiyar dangi da neman aiki. A watan Janairu, daren sabuwar shekara ta tsohuwar kalandarsu, a shirya babban bikin rawa, kuɗin ƙofa a raba wa marubuta da suka tsufa ko suke kwance ba lafiya. Daga tsakiyar shekarun 1920 kuma suka tsayar da Ranar Al'adun Rasha, kowace shekara a lokacin zagayowar haihuwar babban mawaƙinsu Pushkin, ana yin ta a ƙasashe da dama lokaci guda: yara su yi haddar waƙoƙi, a yi wasan kwaikwayo, a yi lacca. Dalilin zaɓen Pushkin a fili yake. Masu son a maido da sarki da masu son jamhuriya ba sa ga maciji da juna, shi kaɗai ne kowa ya yarda da shi. Af, kafin in manta, shi Pushkin ɗin nan kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne ɗan Afirka, har wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjojin cewa daga Logon aka ɗauko shi, kudu da tafkin Cadi.

Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani a Abijan ko Akara ko Libiya, ya ji kalangu ko gurmi na tashi daga wani ɗaki cikin dare, ya san abin da irin waɗannan tarurruka ke yi wa zuciya. Bambancin kawai, ɗan ci-rani in damina ta kusa yana iya ɗaure kayansa ya dawo. Su waɗannan an rufe musu ƙofa.

Wannan ita ce kasuwar Vertinski. A Santambul ya yi waƙa a wani gidan shaƙatawa mai suna Stella, wanda mai shi ma abin labari ne: Frederick Thomas, baƙar fata ɗan Amurka, ɗan bayin da aka ƴanta, wanda ya yi arziki a Mosko, juyin juya hali ya tsiyata shi, ya gudo tare da sauran. Daga nan Vertinski ya samu fasfon Girka ya wuce Romaniya. A yankin Besarabiya ya tsaya a bakin kogin Dinista yana hangen ƙasarsa a ɗaya gaɓar, ga ta nan ido na gani, ba halin tsallakawa. Masu jin Rashanci na yankin suka yi ta cika wuraren wasansa, har hukumomin Romaniya suka zarge shi da yi wa Mosko aiki, suka kama shi suka kore shi. Ya yi Polan, ya yi Jamus. A waɗannan shekaru sau biyu yana neman izinin komawa gida, ana hana shi.

Daga 1925 ya zauna Paris kusan shekara tara, kuma nan ne tauraronsa ya fi haske. Tun kafin nan ya riga ya ajiye rigar Piyero ya koma baƙar kwat mai jela. Aikinsa iri biyu ne. Akwai babban taro a zaure, inda ƴan gudun hijira ke tara ƴan kuɗinsu su sayi tikiti, su zauna tsit, a fito ana share hawaye. Akwai kuma aikin dare a gidajen shaƙatawa na Rashawa da ke unguwar Monmartar, irin su Kazbek da Kazanoba da Shaharzad, inda mai gadin ƙofa wataƙila tsohon kanar ne, masu kashe kuɗin kuwa attajiran Amurka da Ingila ne da ba su jin ko kalma guda. Nan abincinsa yake, amma yana jin zafin yin waƙa mutane na tauna nama suna kaɗa cokali. Ya yi abota da manya irin su mawaƙi Shaliyapin da ɗan wasan silima Mozukin.

Wasu daga cikin marubutan hijira suna yi masa kallon mawaƙin mashaya, mai sayar da hawaye da araha. A ganina ba su yi masa adalci ba. Shi ne ya ɗauki rubutattun waƙoƙin Blok da Ahmatova da Gumilyof, wanda ƴan Bolshebik suka harbe a 1921, ya sa musu kiɗa, ya kai su kunnen direban taksi da ba ya da lokacin buɗe littafi. Fayafayansa kuma ba su tsaya a waje ba. Matuƙan jirgin ruwa da ma'aikatan jakadanci suna shigar da su Tarayyar Sobiyet a ɓoye, a rufe taga a rage muryar garmaho a saurara.

A 1933 ya zaga Lebanon da Falasɗinu, a 1934 ya tafi Amurka. Ya yi wasa a New York da San Francisco, ya leƙa Hollywood, abin bai ɗore ba, Ingilishi ya gagare shi. A ƙarshen 1935 ya tsallaka teku zuwa ƙasar Sin, inda dubun dubatar Rashawa ke zaune a Harbin da Shangai. Su ma can suna riƙe da al'adunsu kam, har gunkin tunawa da Pushkin suka kafa a Shangai a 1937, cikar shekara ɗari da mutuwarsa. Amma talauci ya fi na Paris tsanani. Vertinski ya buɗe gidan shaƙatawa nasa mai suna Gardeniya, bai daɗe ba ya karye. Japan ta auka wa Sin da yaƙi, hanyoyi suka toshe. An ruwaito cewa akwai lokacin da kwat ɗinsa ta wasa take kwana a wajen masu karɓar jingina, in dare ya yi ya fanso ta, in an tashi ya mayar.

A 1937 ne ofishin jakadancin Sobiyet ya sanar da shi cewa an yarda ya dawo. Ya shiga rubutu a wata jaridar Shangai mai goyon bayan Mosko, abin da ya sa da yawa daga masoyansa na jiya suka juya masa baya, suna ce masa maci amana. Takardun kuwa suka maƙale, shekara na bin shekara. Shi yana ganin rashin sa'a ce, amma wani jinkirin alheri ne. A daidai wannan shekara Stalin ke kisan gilla a cikin gida, har umarni na musamman aka bayar a watan Satumba 1937 a kan Rashawan da suka dawo daga Harbin, aka kama dubbai a matsayin ƴan leƙen asirin Japan, aka harbe da yawansu. Marubuciya Marina Tsvetayeva da ta koma daga Paris a 1939, an ɗaure ƴarta, an harbe mijinta, ita kuma ta kashe kanta a 1941.

A 1942, yana da shekara 53, ya auri Lidiya, ƴar asalin Jojiya haifaffiyar Harbin, mai shekara 19, duk da uwarta ba ta so ba. Lokacin Jamus ta riga ta mamaye yammacin Tarayyar Sobiyet. A farkon 1943 ya rubuta wa ministan harkokin waje Molotov wasiƙa yana roƙon a bar shi ya dawo ya yi wa ƙasarsa hidima da abin da ya rage masa na ƙarfi. Wannan karon aka amsa. A watan Nuwamba 1943 ya sauka Mosko da matarsa da surukarsa da jaririyarsu Mariyana. Shekara 23 cif.

To jama'a, a nan ne labarin ya ɗauki wani salo mai wuyar fassara. Ba a kama shi ba. An sauke shi a babban otal na Metropol, daga baya aka ba shi gida a tsakiyar Mosko. An bar shi ya yi wasa, ya kuwa yi: asibitocin sojoji, gidajen marayu, garuruwan haƙar ma'adinai na Saiberiya, tsakiyar Asiya, har tsibirin Sakalin can ƙarshen gabas, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, yana tsoho. A shekara 14 ya yi wasa fiye da sau 2,000, kuma ko'ina zaure cike. Amma daga cikin waƙoƙinsa sama da 100, kimanin 30 kawai aka yarda ya rera, kuma akwai jami'in tacewa da ke sa ido. Rediyo ba ya sa shi. Jaridu sun yi gum kamar babu shi. A matsayina na ma'aikacin rediyo wannan ya fi tsaya mini a rai: mutum yana raye, yana cika zaure kowane dare, amma an hana muryarsa bi ta iska.

Kada kuma mu wanke shi tas. Ya biya kuɗin zaman lafiyarsa. Ya yi waƙar yabon Stalin. Ya fito a wani fim na farfaganda a matsayin mugun babban limamin Katolika mai ƙulla wa gurguzu makirci, kuma a kan wannan rawar ce aka ba shi lambar yabo ta Stalin a 1951, ba a kan waƙa ko guda ba. Mai iyali ne da ƴaƴa mata biyu ƙanana, don an haifi ta biyun, Anastasiya, a 1944, kuma ya san abin da ke samun waɗanda suka ɗaga kai. Takwaransa Piyotar Leshenko, wani shahararren mawaƙin ƴan hijira da ya zauna Romaniya, kama shi aka yi a 1951 bayan gurguzu ya kafu can, ya mutu a tsare a 1954.

A 1956, bayan mutuwar Stalin da shekara uku, Vertinski ya rubuta wa mataimakin ministan al'adu takardar koke. Ya lissafa shekarun da ya yi yana zaga ƙasa, ya ce jama'a sun karɓe shi, ya tambayi dalilin da ya sa ba a jin sa a rediyo, ba a samun fayafayansa a kanti, ba a rubuta ko layi guda a kansa. Babu abin da ya sauya. Ran 21 ga Mayu 1957, yana rangadi a Leningrad, bayan ya yi wasa a gidan tsofaffin ƴan wasan kwaikwayo, zuciyarsa ta tsaya a otal ɗin Astoriya. Shekararsa 68. An kai gawarsa Mosko aka binne a maƙabartar Novodevici.

Wani sashe na tarihin rayuwarsa ya fito a wata mujallar Mosko a 1962, manyan fayafayansa kuwa sai da aka yi fiye da shekara goma da rasuwarsa kafin kamfanin gwamnati ya fara buga su. Ƴaƴansa biyu duk sun zama taurarin silima, Anastasiya ce ta fito a matsayin Ofeliya a fim ɗin Hamlet na Sobiyet a 1964. Lidiya tana da shekara 34 ya bar ta. Ba ta sake aure ba, ta rayu har ranar ƙarshe ta 2013, tana da shekara 90, aka binne ta a maƙabartar da yake.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.